Kafin a share gona saboda furen agastache

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani tsiro da sunansa ya fara yawo a wayoyin mutanenmu, musamman masu kiwon zuma. Ana kiransa agastache. Saƙonni sun yi mini yawa daga gida, na 'yan uwa da na waɗanda ban ma san inda suka samo lambata ba, kuma buƙatar kowa ɗaya ce: in aiko masa da irin furen nan da aka ce eka ɗaya tana ciyar da amya ɗari. Amsa ɗaya bayan ɗaya ta gagare ni, shi ya sa na ga gara in rubuto wa jaridarku, kowa ya karanta ya yanke wa kansa hukunci.

Ni mutumin ƙasar Zazzau ne, a gidan masu amya na tashi, kakanmu kan ɗorawa yake ɗora nasa. Yanzu ina zaune a jihar Minnesota ta Amurka, ina aiki a wani gidan renon tsirrai da ke bayan garin Saint Paul. Muna renon furanni muna sayar wa masu lambun gida da masu gyaran filayen gwamnati. Agastache na cikin abin da ke bi ta hannuna kowace shekara, tun yana ƙwaya har ya bar mu a cikin tukunya. Don haka ba ƙin tsiron nake yi ba, ina ma sonsa ƙwarai. Abin da nake so in ce shi ne, yaɗa shi abu ne mai sauƙi da araha, bai kamata wani ya zuba kuɗi masu yawa a kansa ba, wahalarsa tana wajen sanin wane iri ka riƙe da kuma hana shi ruɓewa.

Dangin na'a-na'a da ɗoɗɗoya ne. Idan ka murza karansa tsakanin yatsu za ka ji kusurwa huɗu, ganyensa kuma biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna. Nau'insa ya kai kimanin 22, kuma duk 'yan Arewacin Amurka ne in ban da guda ɗaya, Agastache rugosa, wanda asalinsa Koriya da Sin da Japan ne. Mu a wurin aiki gida biyu muke raba su. Gida na farko masu gajeren fure ne, shuɗi mai ratsin shunayya, cunkushe a kan zangarniya. A nan ne Agastache foeniculum yake, ɗan asalin filayen ciyawa na arewacin Amurka da kudancin Kanada, wanda a nan Minnesota za ka gan shi ya fito da kansa a bakin daji ba wanda ya shuka. Tsayinsa daga santimita 60 zuwa 120, kuma in ka murje ganyen za ka ji ƙanshin yansun, irin wanda ake samu a shagunan maganin Musulunci. Na Koriyan ma a wannan gidan yake.

Gida na biyu su ne na duwatsun kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meksiko: rupestris na Arizona da New Mexico, cana na New Mexico da yammacin Texas, aurantiaca na Meksiko. Furensu dogon bututu ne, ja ko ruwan lemo ko ruwan hoda, kuma su ne suka fi kyau a hoto. Su ne ma na ga an fi sakawa a bidiyon da ake turo mini. To, waɗannan ba don ƙudan zuma aka yi musu wannan siffar ba. Wani ɗan ƙaramin tsuntsu ne mai dogon baki, wanda ke tsayawa cak a iska yana shan ruwan fure, shi ne ke yi musu barbara, kuma a nahiyar Amurka kaɗai ake samunsa. Harshen ƙudan zuma bai wuce milimita 6 zuwa 7 ba, bututun furen rupestris kuwa ya haura santimita 2. Mai amya da ya sayi jan iri saboda kyan hoto, ado ya saya wa tsakar gidansa. In zuma ake so, foeniculum ne ko rugosa.

Maganar eka ɗaya da amya ɗari kuwa tsohuwa ce, ba a bana aka ƙirƙiro ta ba. Wani mai kiwon zuma ne a jihar Iowa ya yi wannan ƙiyasi tun ƙarni na 19. A shekarun 1940 Frank Pellett, sanannen marubuci kan kiwon zuma wanda ke da lambun gwajin furanni a garin Atlantic na jihar ta Iowa, ya sake farfaɗo da sunan tsiron, ya yaba shi, ya raba irinsa ga masu kiwo. Yabon da ya yi da gaskiyarsa: tsiron yana fure wata biyu ko fiye, daga Yuli zuwa Satumba, ƙudan zuma kuma na kansa daga safe har yamma, zumarsa fara ce mai ɗan ƙanshi. Amma adadin nan na ɗari zancen mutum ɗaya ne da ya yi ta gadon baki. Shaida mafi sauƙi ita ce maƙwabciyarmu North Dakota, jihar da ta fi kowace samar da zuma a Amurka. Tsiron ɗan ƙasa ne a can, ga fili iya ganinka, ga masu kiwo da ke da amya dubbai, kuma 'yan kasuwa ne da ba sa barin riba ta wuce su. Duk da haka zumarsu daga ciyawar dabbobi take, irin su alfalfa, da gonakin kanola da na furen bi-rana. Da lissafin ɗarin ya tabbata, da ba su bar mana labarin ba.

Yanzu ga yadda ake yaɗa shi. Hanya uku ce: ƙwaya, yankan reshe, da raba gindi.

Ƙwayar ƙanƙanuwa ce ainun, giram ɗaya na foeniculum na ɗauke da kusan 3,000. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum cewa ba ya buƙatar mudu. Ɗan ƙunshin da bai cika cokalin shayi ba zai ba ka dashen da ya fi ƙarfin lambunka. Babban sharaɗinta haske ne: ba a binne ta. Mutanenmu sun saba a tona rami, a jefa, a take da diddige, kuma na tabbata nan ne da yawa za su fara asara, su ce an sayar musu da mataccen iri. Mu faranti muke cikawa da lallausar ƙasar reno, mu jiƙa ta tukuna, mu barbaɗa ƙwayar a sama, mu danna da tafin hannu don ta manne, shi ke nan. Ruwa kuma daga ƙasa muke ba ta, a tsoma gindin farantin cikin wani mai ruwa har danshi ya hau sama, domin in ka kwara daga sama ƙwayar za ta taru a lungu ɗaya ko ta nutse. A rufe da farar leda mai nuna ciki, a ajiye inda zafi yake wajen digiri 20 zuwa 22. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ta tsiro, wani lokaci ta kai uku. Da ka ga kore, ka ɗage ledar. Barin ta a rufe shi ke kawo ciwon nan da ke cin wuyan ɗan tsiro daidai bakin ƙasa, ka kwana da faranti cike ka tashi rabi ya kwanta.

Akwai kuma batun sanyi. A dajinsa, ƙwayar foeniculum tana faɗuwa a kaka, ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara duk hunturu, sannan ta tsiro. Don kwaikwayon haka mukan gauraya ta da jiƙaƙƙen yashi a leda, mu sa a firji, ɓangaren sanyi ba na daskarewa ba, har kwana 30. Hakan na sa ta fito tare kuma da yawa. Na san halin wutar lantarki a gida, to kada wannan ya tayar wa kowa hankali. Ko ba a yi ba tana fitowa, sai dai jefi-jefi, kuma na Koriya bai damu da sanyin ba.

Mu a nan a watan Maris muke shukawa cikin ɗaki, mako 6 zuwa 8 kafin sanyin ƙarshe, domin a waje raɓa na iya daskarewa har farkon Mayu. In ɗan tsiro ya yi ganye na gaskiya huɗu sai a cire shi da tsinke, a riƙe shi ta ganye ba ta wuya ba, a ba shi tukunyarsa. In ya kai tsawon taƙi guda a tsinke kansa da farce. Masu saye ba sa son ganin ana yin haka, gani suke ɓarna ce, alhali shi ke sa ya yi rassa, maimakon zangarniya ɗaya ka samu da yawa. A fili ana ba shi tazarar santimita 30 zuwa 45. Wanda aka shuka da wuri a shekarar yake fure.

Tara iri ba wuya. Idan zangarniya ta bushe ta yi ruwan ƙasa, a yanke ta a kifa cikin jakar takarda, a bari ta ƙara bushewa, a girgiza. Kowane fure ƙwaya huɗu yake bayarwa. Sai dai a yi hanzari, don ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwaya suna sonta, kuma su ba sa jiran ranar hutunka. Amma a nan akwai tarko. Nau'o'in agastache suna barbarar juna cikin sauƙi. In ka dasa na Amurka kusa da na Koriya, ƙudan zuman da kake nema su ne za su haɗa su aure, abin da zai fito daga ƙwayar ba uwa ba ne ba uba ba. Har a kasuwar nan ana yawan sayar da rugosa da sunan foeniculum, ba don mugunta ba, don sun yi kama. Yadda muke bambancewa: juya ganyen. Bayan ganyen foeniculum fari-fari ne saboda wani lallausan gashi da ya rufe shi, na rugosa kuwa kore ne gaba da baya, ya fi faɗi, gindinsa ya fi shiga ciki.

Shahararren irin da aka fi sayarwa a Turai da Amurka, Blue Fortune, auren waɗannan biyun ne, an samar da shi a lambun itatuwa na Trompenburg da ke Rotterdam a ƙasar Holan. Juya ne, ba ya yin ƙwaya mai tsirowa, shi ya sa ma yake daɗewa yana fure, tunda ba ya kashe ƙarfinsa wajen yin iri. Ma'ana, duk wanda ya ce zai sayar maka da ƙwayar Blue Fortune a ƙunshi, wani abu daban yake sayar maka. Akwai masu suna da suke fitowa daidai daga ƙwaya, misali Golden Jubilee mai rawayan ganye, wanda ya ci lambar gwajin irin shuka ta Amurka a 2003. Amma yawancin masu aure sai ta reshe.

Yankan reshe shi ne aikin da na fi so, kuma shi ne ya kamata duk mai son tsiron nan ya ƙware a kai, saboda dalili ɗaya: agastache ba ya tsawon rai. Shekara biyu, uku, in ya yi sa'a huɗu, gindin ya gaji ya mutu. Wanda bai iya sabunta nasa ba zai yi ta komawa kasuwa. Da sassafe ake yanka, lokacin da tsiron ke cike da ruwa. Ana neman sabon toho mai laushi wanda bai fara fure ba. Mafi kyau shi ne wanda ya taso daga gindi a farkon shekara, domin shi cikinsa a cike yake. In kara ya manyanta cikinsa yakan zama rami, kuma irin wannan ruɓewa yake kafin ya yi saiwa. Tsawon santimita 8 zuwa 10 ya isa. A yanka da sabuwar reza daidai ƙarƙashin gaɓa, inda ganye ke fitowa, don a nan saiwa ta fi saurin ɓullowa. A zare ganyen ƙasa, a bar biyu ko huɗu a sama, in suna da faɗi a rage rabinsu da almakashi, tunda reshen ba shi da saiwar da zai mayar da ruwan da ganye ke fitarwa. In akwai ɗan kan fure da ya fara leƙowa a cire shi, ko da kuwa yana ba ka sha'awa.

Muna tsoma bakin yankan cikin wani farin gari mai sa saiwa, amma gaskiya dangin na'a-na'a ba sa wahalar da mutum, ko babu garin suna kamawa. Abin da ba ya yiwuwa babu shi shi ne ƙasa mai sakin ruwa. Rabi yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, rabi ƙasar reno, ba taki ko kaɗan. A huda rami da tsinke kafin a sa reshen, kada a cusa shi da ƙarfi ya ƙuje, a danne gefensa, a ba shi ruwa sau ɗaya mai kyau, a kifa masa leda ko gorar roba da aka yanke gindinta. Wurin ajiya mai haske ne amma ba rana kai tsaye ba, in ba haka ba ledar za ta dafa shi kafin azahar. Kullum a ɗan buɗe ya sha iska, a cire duk ganyen da ya yi baƙi. Tsakanin mako biyu zuwa uku ka ɗan ja shi a hankali, in ka ji ya riƙe, ya kama. Sabbin ma'aikata kan so su tumɓuke su duba, wannan kuwa shi ne abin da nake fara hana su. Daga gindi ɗaya lafiyayye za ka iya cire rassa goma ko fiye ba tare da ya ji a jikinsa ba, kuma kowanne zai fito sak uwarsa, launi da ƙanshi da tsayi.

Wani abin da zai ba mutanenmu mamaki: a nan wasu sabbin nau'o'in suna da rajistar mallaka. Za ka ga lamba a jikin takardar da ke maƙale da tukunya, kuma doka ta hana yaɗa su ta reshe ba da izinin mai su ba har tsawon shekara 20. Mu kanmu sai mun biya kafin mu rena su. Na daji kuwa, irin foeniculum, na kowa ne.

Raba gindi ba shi da dogon bayani. Lokacin da sabon toho ya fara leƙowa, a haƙo gindin gaba ɗaya, a raba shi biyu ko uku da wuƙa, kowane kashi da saiwarsa da tohonsa, a mayar nan take. Yana yi wa masu shuɗin fure kyau. Na duwatsun kudu gindinsu itace-itace ne, ba sa son a taɓa su, reshe ya fi musu. Kuma kada a ji tsoron zai mamaye lambu ta ƙarƙashin ƙasa yadda na'a-na'a ke yi, shi a dunƙule yake zama. Ta ƙwaya yake bazuwa.

Sai abin da ke kashe shi. Duk watan Mayu sai mutane sun dawo mana da ƙorafi cewa sanyi ya kashe musu agastache. A nan sanyin hunturu kan sauka ƙasa da digiri 25 a ƙarƙashin sifili, don haka zargin yana da kama da gaskiya, kuma ga na kudu wani lokaci gaskiyar ce. Amma foeniculum ɗan nan ne, ya san abin da ya fi haka. In na tambayi mutum inda ya dasa, amsar kusan kullum ɗaya ce: ƙasar laka, wuri mai kwari, ya tula masa taki, ya lulluɓe gindin da ɓawon itace, yana ba shi ruwa safe da yamma. Gata ne ya kashe shi. Ruwan da ya kwanta a gindi, musamman lokacin da ƙanƙara ke narkewa, shi ke ruɓar da wuyan tsiron. Taki mai yawa kuma ganye yake sa shi, ya yi tsayi ya kwanta, fure ya ragu, ƙanshi ya tsinke. Abin da yake so rana ce aƙalla awa shida, da ƙasa mai yashi ko tsakuwa, a kan tudu, ruwa a kai a kai a makonnin farko har saiwa ta kama, daga nan sai ƙasa ta bushe a sake. In za a rufe gindinsa a rufe da tsakuwa. Muna kuma hana mutane sare busasshen karan a kaka, a bar shi tsaye har sabon toho ya fito, domin karan da aka sare bututu ne da ke kai ruwa cikin gindi. Barewa da zomo, waɗanda ke addabar masu lambu a nan, ba sa cin sa saboda ƙanshinsa. Dodon koɗi ne dai ke cin sabon toho in wuri ya cika danshi.

Ana shan ganyensa a shayi, kuma yana da daɗi. Ƙabilun asali na Amurka irin su Cheyenne da Cree da Ojibwe sun daɗe suna dafa shi, wasu don tari. A kudancin Koriya ganyen rugosa kayan miya ne, suna sa shi a farfesun kifi. A Sin yana cikin magungunan gargajiya, a Meksiko kuma ana shan wani nau'insa mai suna mexicana don kwantar da hankali. Na faɗi wannan ne da fargaba, don na san halinmu: kafin a ce kwabo za a ji lasifika a tasha tana cewa yana maganin basir da hawan jini da sanyin ƙashi. Ƙanshin yansun ɗin nan daga wani sinadari yake mai suna estragol, wanda hukumomin lafiya na Turai suka ba da shawarar a taƙaita shansa, musamman ga yara da masu ciki da masu shayarwa. Kofin shayi daban, a mayar da shi ruwan sha ko a riƙa haɗiyar tataccen mansa daban.

Me ya sa kasuwarsa ta buɗe a Minnesota? A 2017 gwamnatin tarayyar Amurka ta sa wani babban ƙudan zuma na daji mai gashi, mai tabon tsatsa a baya, cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. A 2019 jihar nan ta ɗauke shi a matsayin ƙudan zuman jiha, ta kuma fito da wani shiri na tallafa wa masu gidaje da ɗan kuɗi su cire ciyawar ado daga farfajiya su dasa furannin ƙasarsu. Foeniculum na cikin waɗanda ake ba da shawara, shi ya sa muke renonsa da yawa. A lura da abin da suka yi: ba su je wata nahiya neman fure ba, abin da noma da gine-gine suka share musu suke mayarwa. Mu kuwa abincin ƙudan zumanmu a sama yake, kan ɗorawa da kaɗanya da maɗaci da magarya da mangwaro da darbejiya, da gawo da ke fure bayan damina lokacin da wasu suka huta. Waɗannan ne ake sarewa ana gawayi. Kaɗanya kan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, ana kuma kayar da ita cikin yini guda. Mai amya da ke kallo ana lodin buhunan gawayi a bakin garinsu yana lissafin ekar agastache, a ganina ya bar jaki yana dukan taiki. Ko riɗi da zogale da ɗoɗɗoyar da ke bayan ɗaki ƙudan zuma na zuwa musu, kuma su ba sa buƙatar firji.

Ba cewa nake kada a gwada ba. Darbejiya ma daga Indiya ta zo, yau wa zai ce baƙuwa ce? Amma a san bambancin wuri. Lokacin da agastache ke fure a nan, tsawon yini ya kai awa 15, a Kano kuwa ko a tsakiyar damina ba ya cika 13. A nan yana samun hutun wata biyar ƙarƙashin ƙanƙara, a gida babu wannan. Zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya haura digiri 40, ruwan Agusta kuma a ƙasar fadama shi ne ainihin abin da na ce yana ruɓar da shi. Shawarata ga mai sha'awa ita ce ya ɗauke shi a matsayin shukar rani. Ya shuka a Oktoba ko Nuwamba da sanyi ya fara shigowa, a tukwane ko buhunan da aka huda, cikin ƙasar jigawa da aka ƙara wa yashi, inda zai samu ranar safe da inuwar la'asar. Mutanen Jos, da ke kan tsayin kusan mita 1,200, da na tsaunin Mambila da ya fi haka, sun fi kowa dama, sai dai su yi masa kunya mai tsayi saboda yawan ruwansu. Gindi ashirin sun isa gwaji. Da sun kama a cire rassa a ajiye na biyu, a kuma yanke zangarniya kafin ta zubar da ƙwaya a waje, don tsiron da ke shuka kansa ba a sakar masa fili a baƙuwar ƙasa sai an ga halinsa. A zauna a ƙirga ƙudan zuman da ke sauka a kansa a kwatanta da na kan ɗoɗɗoya, sannan a yi maganar eka.

Masu cewa in saƙo musu a aljihun jaka kuma su yi haƙuri. Shigo da iri Najeriya sai da takardar izini daga hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, tare da shaidar lafiyar irin daga ƙasar da ya fito, kuma dokar tana da dalili, ta ƙwaya cututtukan shuka da dama suke tsallaka iyaka. Wanda zai saya ya tabbata an rubuta cikakken sunan kimiyya a jikin ƙunshin, kalma biyu, ba agastache kawai ba.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka tura wakilin shafin noma ya kai wannan tambaya Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ko reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Bagauda a jihar Kano. Suna da fili da ma'aikata da hanyar shigo da iri bisa ƙa'ida. Kunya biyu ta foeniculum da rugosa a rani ɗaya da damina ɗaya za su ba masu amya amsar da za su dogara da ita, a buga ta a wannan jarida da Hausa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Saint Paul, jihar Minnesota, Amurka